Ya iya ƙirga har ɗari, amma 43 − 17 yana ba shi 34: me ya kamata ɗan aji ɗaya zuwa uku ya iya a lissafi?

Maman Khalifa ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Don Allah ina neman haske a kan yaro ɗan shekara bakwai da ke zango na biyu a aji biyu na firamare. Yana ƙirga daga ɗaya har ɗari babu tuntuɓe, da Hausa da Turanci, har jadawalin sau biyu yana rerawa. Amma a littafin aikinsa akwai 43 − 17 = 34, akwai 27 + 15 = 312, kuma da aka ce ya rubuta ɗari da biyar sai ya rubuta 1005.

Tambayata biyu ce. Me ake sa ran yaro ya iya a lissafi daga aji ɗaya zuwa aji uku? Sannan waɗannan kurakuran, rashin natsuwa ne ko akwai abin da ya wuce shi a baya? Ta ina za a kama gyaran a gida? Allah ya saka da alheri.

Malama Mai Alli ta amsa:

Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Ba rashin natsuwa ba ne. Da rashin natsuwa ne da amsoshin sun zo barkatai, yau kaza gobe kaza. Waɗannan ukun da kika kawo duk tushensu ɗaya, kuma kowanne yana da dokar da yaron ya ƙirƙiro wa kansa yake bi sau da ƙafa.

A 43 − 17, ya dubi 3 da 7, ya ga ba a cire bakwai daga uku, sai ya juya su ya cire ƙarami daga babba, ya sami 4. Ya cire 1 daga 4 ya sami 3. Ga 34. A 27 + 15, ya tara 7 da 5 ya rubuta 12 gaba ɗayanta, ya tara 2 da 1 ya rubuta 3 a gabanta. Ga 312. A 1005 kuwa abin da kunnensa ya ji ya rubuta: ɗari, 100, sannan biyar, 5. A wurinsa 43 ba gomomi huɗu da ɗaiɗai uku ba ce, huɗu ce da uku da suka zauna maƙwabta. Abin da bai zauna masa ba shi ne matsayin lamba, wato darajar lamba tana canjawa gwargwadon gidan da ta zauna. Ƙirga har ɗari da baki ba ta nuna wannan, domin waƙa ce, kuma yaranmu gwanaye ne wajen hadda.

Maganin yana cikin tsintsiya. Ki kwance tsintsiyar kwakwa ko ta kaba, ki karya tsinke kamar 120 masu tsawon ɗan yatsa, ki nemi kyauro guda goma sha biyu. Karan dawa da aka tsaga ko ashana ma sun yi. Ki ja layi a tsakiyar takarda ko a ƙasa: dama gidan ɗaiɗai, hagu gidan goma. Doka ɗaya ce tak, kuma yaron ne zai riƙa faɗinta: gidan ɗaiɗai ba ya ɗaukar fiye da tara. Da zarar sun cika goma, a ɗaure su dami ɗaya, damin ya ƙaura hagu.

Kwana uku ko huɗu na farko kada a yi tarawa ko ɗebewa sam. Ki zube masa tsinke tuli guda, ya ƙirga goma ya ɗaure da hannunsa, ya sake, har su ƙare, sannan ya faɗi abin da ya samu: dami uku, tsinke takwas. Sai ya rubuta 38, 3 a ƙarƙashin dammuna, 8 a ƙarƙashin tsinke. Shi zai ɗaure, ba ke ba. Idan aka ba yaro dami a ɗaure, ganin sa yake abu ɗaya, ba goma ba. Daga nan ki juya wasan, ki rubuta 52 ki ce ya gina ta, ki rubuta 25 ki ce ya gina ta a gefe, ki tambaye shi wacce ta fi yawa da kuma dalili. Ki sa 40 da 4 da 14 a ciki, saboda nan ne sifili yake samun ma'ana: gidan ɗaiɗai babu kowa, amma dole a ajiye mai gadi don kada 4 ta zame ta koma dama.

Tarawa tana zuwa bayan haka. 27 dami biyu ne da tsinke bakwai, 15 dami ɗaya da tsinke biyar. Ya haɗa tsinken, sun zama goma sha biyu, doka ta karye. Ya ɗaure goma, saura biyu, dammuna sun zama huɗu. 42. Wannan damin da ya ƙaura shi ne ƙaramin ɗayan da malamai ke rubutawa a sama su ce "a ajiye ɗaya". Ba ɗaya ba ne, goma ne, kuma gara a riƙa kiran sa dami ɗaya har sai ya zauna.

Ɗebewa ita ce aka fi ɓatawa, har da manya masu taimaka wa yara. A 43 − 17 lamba ɗaya kawai ake ginawa, wato 43. Kada a gina 17, domin ita abin da za a cire ne daga cikin abin da ke ƙasa. In aka gina su biyun, yaron zai koma kwatanta 3 da 7, ya sake faɗawa ramin da ya fito. To ga dami huɗu da tsinke uku, an ce ya ba ki bakwai. Ki yi shiru, ki bar shi ya ɗan yi jim. Yawancin yara da kansu suke kai hannu su kwance dami ɗaya. Yanzu dami uku, tsinke goma sha uku, kuma ki tambaye shi ko jimillar ta canja. Ba ta canja ba, har yanzu 43 ce, kaya kawai ta sake. Ya cire bakwai, saura shida. Ya cire dami ɗaya, saura biyu. 26.

Ni ban son kalmar "aro" da ake amfani da ita a nan. Yaro mai hankali zai tambaya yaushe za a biya, kuma babu amsa. Canji ya fi dacewa, kamar yadda mai shago ke fasa naira ɗari zuwa goma-goma: kuɗin bai ƙaru ba, bai ragu ba.

A riƙa rubutu tare da aikin hannu, mataki da mataki. Ya kwance dami, nan take ya soke 4 ya rubuta 3, ya mai da 3 ta zama 13. In aka yi tsinke daban a yau, rubutu daban gobe, yaro zai iya duka biyun amma ba zai ga cewa abu ɗaya ne ba, sai ki ga ya sami 26 a ƙasa ya kuma rubuta 34 a littafi ba tare da ya ji wani abu ba.

Na 1005 kuwa kwali ne maganinsa. Ki yanka kwalaye masu faɗi uku: dogo mai ɗauke da 100, matsakaici mai 20, gajere mai 5. A ɗora su kan juna a daidaita gefen dama. Ɗari da ashirin da biyar sai ta fito 125, in an zare sai a ga 100 tana nan a ƙasa. Ɗari da biyar kuma, 5 ta rufe sifilin ƙarshe kaɗai, na tsakiya yana leƙowa: 105.

Minti goma sha biyar a rana ya isa, lissafi uku ko huɗu. Kafin ya taɓa tsinke ki riƙa tambayar sa kimanin nawa yake zato. Da an cire goma kawai daga 43 ai 33 za ta rage, to ta yaya za a cire goma sha bakwai a sami 34? Ranar da ya fara kama kansa da irin wannan, aikin ya yi nisa.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Malama ta gama magana a kan ciwon. Bari in amsa tambayar farko, Hajiya.

A Najeriya hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, kuma tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ana kallon firamare ɗaya zuwa uku a matsayin matakin farko na shekaru tara. Makarantu masu zaman kansu da yawa suna gudu gaba da manhaja da littafin ajin da ke sama, don haka kada ki auna yaro da littafin maƙwabta.

Ɗan aji ɗaya, mai shekara shida, ana so ya ƙirga abubuwa na zahiri, ba baki kaɗai ba, ya karanta ya kuma rubuta lambobi har 99, ya san sifili, ya jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, ya tara ya ɗebe ƙananan lambobi, ya gane rabi da kwata a jikin abu, ya san kuɗin ƙasarsa, ya kwatanta tsawo da nauyi, ya bambanta da'ira da murabba'i da mai kusurwa uku. A aji biyu lambobi suna haura ɗari zuwa wajen 200, ana tara masu gida biyu har da ɗaure dami da kwance shi, ana shiga sau a matsayin tara abu iri ɗaya sau da yawa, ana ƙirga bibbiyu da biyar-biyar da goma-goma, ana karanta agogo a kan cikakkiyar awa da rabi, ana saye da canji. A aji uku ana kai wa 999, jadawalin sau ya kankama, rabawa ta shigo, awo ya koma mita da santimita da lita da kilo, ana karanta ɗan jadawali mai hotuna, ana warware lissafin da aka ba da shi cikin labari.

Wannan jerin kanun darasi ne. Ko yaro ya iya ko bai iya ba, gwaji na minti biyar a tsakar gida ya fi katin sakamako faɗin gaskiya.

Ki zuba marafan kwalba goma sha huɗu ki ce ya ƙirga. Ki lura ko yatsansa da bakinsa suna tafiya tare, ko bakin na riga yatsa. Ya gama, ki tambaye shi nawa ne. In ya koma ƙirgawa daga ɗaya, bai riga ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce adadin duka ba. Sai ki baza marafan nan su yi nisa da juna a gabansa, ki sake tambaya. Wanda ya ce sun ƙaru, ido yake bi.

Ki ce ya fara ƙirga daga 37, ba daga ɗaya ba. Ki ce ya komo da baya daga 23. Ki tambaye shi abin da ke zuwa kafin 60. Wuraren tuntuɓe sanannu ne: tsallaka goma, kamar 29 zuwa 30 da 70 zuwa 69, sai kuma 109, inda yara da yawa ke cewa ɗari biyu ko su rubuta 1010.

Ki ba shi 8 + 3 ki kalli hannunsa. Akwai hawa uku. Na farko ya ƙirga takwas, ya ƙirga uku, ya sake ƙirga duka daga ɗaya. Na biyu ya riƙe takwas a ka ya ce tara, goma, sha ɗaya. Na uku ya ce takwas da biyu goma, da ɗaya sha ɗaya. Ƙarshen aji ɗaya ana son yaro ya kai hawa na biyu, cikin aji biyu ya kai na uku. Idan ya ce goma, to ya fara ƙirgar da takwas ɗin kanta: takwas, tara, goma. A zana layin lambobi a ƙasa ya tsaya a kan 8 ya yi tsalle uku, zai ga ba a ƙirga inda ake tsaye, tsallen ake ƙirgawa.

Na ƙarshe, ki rubuta 8 + 4 = __ + 5. Da yawa za su sa 12, wasu 17. Amsar 7 ce. Sun ɗauki alamar daidai a matsayin "ga amsa nan tafe", alhali ma'anarta ɓangarorin biyu nauyinsu ɗaya, kamar sikelin mai nama. Wannan ƙaramin abu shi ke dawowa ya kama yaro a ƙaramar sakandare idan aka fara lissafin haruffa. A riƙa rubuta masa 12 = 8 + 4 da 6 + 1 = 5 + 2 tun yanzu don idonsa ya saba.

Duk inda ya tsaya a gwajin nan, nan za a koma a fara, ko da darasin aji ɗaya ne. Babu abin kunya a ciki.

Malam Na Bakin Kasuwa ya amsa:

Ina so in ƙara abu ɗaya da ba a cika kula da shi ba, wato harshe. Yaronmu yana haɗuwa da lambobi ta ƙofa uku a rana guda: Hausa a gida, Turanci a boko, Larabci a Islamiyya. Kowace ƙofa da tarkonta.

Hausa tana taimako daga 11 zuwa 19, in dai an faɗe ta cikakkiya: goma sha uku, goman na gaba, ukun na biye, daidai yadda ake rubuta 13. Amma mun saba gutsurewa mu ce sha uku, sai goman ya ɓace daga kunnen yaro. A lokacin koyo a riƙa faɗin ta duka. A Turanci kuwa sunan 13 da na 30, ko 14 da 40, ƙarshensu kaɗai ya bambanta, kuma a aji mai hayaniya ba a jin bambancin. Ƙari a kan haka sunan 14 da huɗu yake farawa, shi ya sa yaro ke rubuta 41.

Daga ashirin zuwa casa'in sunayen aro ne daga Larabci, babu abin da ke cikin kalmar "sittin" da zai gaya wa ɗan shekara shida cewa goma shida ce. Kakanninmu kuwa gomiya biyu, gomiya uku suke cewa. Da tsohuwar zuma ake magani: a wajen aikin tsinken da Malama ta kwatanta, a ce gomiya huɗu da uku, sannan a ce sunanta arba'in da uku. Haka nan ashirin babu ɗaya da talatin babu biyu da ake ji a bakin dattawa da 'yan kasuwa, ɗebewa ce tsaf a cikin suna. Yaron da ya san 19 ashirin babu ɗaya ce zai yi 35 + 19 da ka: ya ƙara ashirin, 55, ya cire ɗaya, 54.

Sai lambobin da ke cikin Alƙur'ani bugun Madina da littattafan Islamiyya. Biyar ɗinsu, ٥, kamar sifilin boko take. Sifilinsu ɗigo ne. Shida, ٦, ta yi kama da 7. Huɗu, ٤, kamar 3 ce da ta juya baya. Yaron da ke rubuta 7 a wurin 6, ko yake juya 3, a duba ko daga nan ne kafin a ce ƙwaƙwalwarsa. A rubuta jerin biyu a kwali ɗaya, wannan a saman wannan, a manna a bango. A kuma gaya masa ƙarara cewa ko a Larabci, da rubutu ke tafiya daga dama, lamba mai gida biyu goman na hagu.

Lissafin labari ma harshe ne ke kayar da yara. "Audu yana da lemo 8, ya fi Binta da 3, nawa Binta take da su?" Yaro ya ji "fi" sai ya tara ya ce 11, saboda an koya masa cewa wasu kalmomi na nufin tarawa. Kada a koyar da haka. A sa shi ya maimaita labarin da bakinsa da Hausa, ya faɗi wa ya fi yawa, ya jera marafai layi biyu, na Audu a sama, na Binta a ƙasa. Biyar za ta fito da kanta.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga malamai. A wajenmu Nijar ajin farko CI ne, sai CP, sai CE1, kuma ciwon da Malama ta faɗa shi ne dai. Abin da ya ƙaru mana biyu ne. A Faransanci saba'in sittin-da-goma ake ce mata, tamanin huɗu-ashirin, casa'in huɗu-ashirin-goma. Yaro ya ji tamanin sai ya rubuta 420, ya ji saba'in da biyu ya rubuta 6012. Kwalayen da ake ɗorawa kan juna suna aiki a nan ƙwarai.

Na biyu kuɗi. Muna ƙirga sefa da dala, dala ɗaya tamma biyar. Ƙarfen da aka rubuta wa 100 dala ashirin ne, mai 50 dala goma, mai 25 dala biyar, 500 dala ɗari, 1000 jika guda. Yaro yana ganin 100 da idonsa, uwarsa na ce mata ashirin. In ba a bayyana masa ba sai ya rikice, in an bayyana kuwa ya sami jadawalin sau biyar kyauta, domin kullum yana yin sa a wurin mai ƙosai. Ku na Najeriya da ba ku da wannan, takardun naira 10 da 100 da 1000 sun ishe ku nuna gida-gida: goma na wannan shi ne ɗaya na wancan. A yanka takarda a yi na wasa, har da na naira ɗaya, tunda ƙarfen naira ɗaya ya ɓace daga hannun mutane kuma a wasan kuɗi ba a koyon gidan ɗaiɗai sai da shi.

Maman Khalifa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura abu biyu. A makaranta ana hana su ƙirga da yatsu, a gida ma in hana? Kuma jadawalin sau, a dakatar da haddar har sai tsinken ya zauna, ko a ci gaba?

Malama Mai Alli ta amsa:

Kada ki hana yatsu. In an hana, ƙarƙashin benci suke komawa, ko yaro ya riƙa zana 'yan sanduna a bayan littafi, ke kuma kin rasa tagar da kike ganin tunaninsa. Yatsu suna faɗuwa da kansu idan abin da ya fi su sauri ya samu. Abin nan shi ne abokan goma: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Ki yanko kwalin kiret ɗin ƙwai mai gurbi goma, biyar a sama biyar a ƙasa. Ki sa tsakuwa bakwai, ki nuna masa daƙiƙa biyu ki rufe, ya faɗi nawa ya gani da nawa suka rage a cika. Idan waɗannan biyar ɗin sun zauna, tare da ninki irin su 6 da 6, 7 da 7, 8 da 8, sauran duk daga jikinsu ake ciro su. 8 + 5 ya zama takwas da biyu goma, da uku. 6 + 7 ya zama shida biyu da ɗaya. Ɗan aji uku da har yanzu yake ƙirga 6 + 7 da yatsu daga ɗaya, shi ne abin damuwa, domin duk hankalinsa zai ƙare a nan, babu sauran da zai riƙe dami da shi.

A kan hadda, ni ina tare da ita, kuma ban yarda da masu cewa a bar ta gaba ɗaya ba. Yaron da sai ya yi dogon tunani kafin ya san 6 sau 4 zai sha wuya a rabawa. Sharaɗin kawai shi ne ma'ana ta riga waƙa. Gwajinsa mai sauƙi ne: ki tambaye shi 2 sau 7 kai tsaye. In sai ya faro daga biyu sau ɗaya ya gangaro, waƙa ya iya. Ki ce kuma ya nuna miki 3 sau 4 da marafai. In ya ajiye uku a nan huɗu a can, bai san me ake nufi ba. Abin da ake so shi ne layi uku, kowanne da huɗu.

Cikakken kiret ɗin ƙwai layi biyar ne na shida-shida, talatin. Ki juya shi, ya zama layi shida na biyar-biyar, ƙwan bai ƙaru ba. Gurabun dara ma haka suke, biyar sau shida. Wannan juyin kaɗai yana rage aikin kusan rabi: daga ɗaya zuwa goma akwai guda 100 a jadawali, da juyi sun koma 55. A fara da sau 2 da sau 10 da sau 5, su ne masu sauƙi, sau 1 kuma ba ya buƙatar hadda. Abin da ya rage 21 ne kacal. Sau 4 ninki ne sau biyu: 4 sau 7, bakwai biyu 14, a sake ninkawa 28. Sau 9 sau goma ne babu ɗaya: 9 sau 7, saba'in a cire bakwai, 63. Sau 6 sau biyar ne da ƙarin ɗaya: 6 sau 7, 35 da 7, 42. Masu taurin kai na gaske ba su wuce 7 sau 7 da 7 sau 8 da 8 sau 8 da 'yan kaɗan ba, su a haddace su kawai. Ga ɗan aji biyu, 2 da 5 da 10 sun wadatar a bana. A riƙa tambaya a gauraye, ba a jere ba, guda biyar ko shida a rana.

Tunda yana aji biyu, ki leƙa rabi da kwata ma. Yara suna cewa "ba ni babban rabin", kuma wannan maganar ta nuna inda gyara yake: in ɗaya ya fi ɗaya to ba rabi ba ne. A naɗe takarda gefe ya hau gefe, a sake naɗewa a sami kwata huɗu. A raba gyaɗa goma sha biyu tsakanin mutum biyu, sannan uku, sannan huɗu, ya ga rabi shida ne, sulusi huɗu, kwata uku. A nan ne zai gane abin da ke ba yara mamaki, cewa 1/4 bai kai 1/2 ba duk da huɗu ta fi biyu, saboda masu rabon sun ƙaru.

Tsohon Hedimasta ya ƙara da cewa:

Hajiya, ki je ki ga malamin ajin da littafin a hannu, ki nuna masa 34 da 312 ɗin, ki gaya masa abin da kuke yi a gida don kalmominku su zo ɗaya. Idan ke kina cewa canji shi yana cewa aro, a gaya wa yaron abu ɗaya ake nufi.

Ki ba aikin tsinken makonni shida zuwa takwas, kullum kaɗan. Alamar ya kama ita ce ya yi 52 − 28 da 40 − 13 a takarda babu tsinke, ya sami 24 da 27, ya kuma iya gaya miki dalilin soke lambar hagu. Ta biyun ta fi wuya saboda sifili, yara kan rubuta 33 ko 30. In ya wuce su, a shiga ɗari: dami goma a ɗaure su da igiya su zama babban dami ɗaya, a gwada 100 − 1, sannan 203 − 7, inda sai an kwance sau biyu.

Idan kuwa bayan wannan lokaci har yanzu ba ya iya ganin tsakuwa uku ko huɗu ya faɗi adadinsu ba tare da ƙirgawa ba, ko ba ya iya cewa tsakanin 6 da 9 wacce ta fi, ko abin da ya iya jiya ya goge yau kamar ba a taɓa yi ba alhali karatunsa na tafiya daidai, to a fara da duba idonsa da kunnensa a asibiti, a tabbata yana ganin allo daga inda yake zama. In waɗannan lafiya lau ne, a nemi malamin da ya karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman ya zauna da shi. Akwai yaran da lambobi ke yi wa nauyi na daban, kuma abin da suke buƙata shi ne kayan hannu na tsawon lokaci, da ƙananan lambobi, da maimaici mai yawa. Bulala ba ta cikin jerin, domin yaron da ke tsoro cankar amsa yake yi don a rabu da shi, kuma daga amsar canka ba a gane inda ya tsaya.